Yanina, garin bakin tabki a ƙasar Girka

Ƙasar Girka tana kudu maso gabashin Turai. Daga babban birninta, Atina, in aka nufi arewa maso yamma tafiyar kilomita 400 da ƴan kai, sai a iske wani gari da ake ce ma Yanina. Yana cikin lardin Ifiros, kusa da iyakar Albaniya. Duwatsu sun kewaye shi, a gabansa kuma ga wani tabki mai suna Pamfotis. Mutanen garin da na kewaye sun ɗara dubu 100.

Wurin ba ya rashin ruwa. Ruwan saman da ke zuba can a shekara ya kai ninki biyu na wanda Maradi ke samu. Sai dai lokacin sanyi ya fi zuba, in zafi ya zo ya ragu. Dutse kuma ya fi ƙasar noma yawa. Shi ya sa tun kaka da kakanni kiwo ya fi noma ƙarfi. In zafi ya shigo, makiyaya su kora tumaki da awaki bisa duwatsun Findos. In sanyi ya gabato su gangaro fili. Har yau akwai masu wannan tafiya, ko da yake sun ragu ƙwarai.

Abincin Yanina abincin makiyaya ne. Babban abin da ke ciki shi ne cuku, wanda suke kira feta. Da madarar tumaki ake yin shi, a ƙara ta awaki kaɗan, kada ta wuce kashi 30 cikin 100. Ba a shanya shi a rana kamar cukun Abzin. Cikin ruwan gishiri ake tsoma shi, ya yi wata 2 ko fiye kafin a ci. A shekarar 1963 ƙungiyoyin haɗin gwiwa na manoma da makiyayan lardin suka haɗu da bankin manoma, suka kafa masana'antar madara mai suna Dodoni. Makiyayi ya samu inda zai kai madararsa kullum, cukun Ifiros kuma ya kai ƙasashen waje. A 2012, lokacin da bashi ya yi wa Girka katutu, aka saida kason bankin ga ƴan kasuwa, kuma shi ne kaso mafi yawa. Makiyaya na kai madara har yanzu, amma ba su ke da ta cewa ba.

Matan lardin sun yi suna wajen wani abinci da ake kira pita. A murza ƙullun alkama ya yi fale-fale, a shimfiɗa cikin faranti, a zuba cuku da ganye, a rufe a gasa. In alkama ta yi wuya, sai su kwaɓa garin masara, su haɗa da ganyen daji da suka tsinko. Akwai kuma tarahana: a dama alkama da nono mai tsami, a shanya, a marmashe, a ajiye don kunun lokacin sanyi. Da can abincin talaka ne, na gidan da ba nama. Yau shi ne baƙi ke zuwa daga Atina su saya da tsada, kuma ya cancanci kuɗinsa.

A tsakiyar tabkin akwai tsibiri, mutane kamar 200 ke zaune cikinsa. Mota ba ta shiga. Jirgin ruwa ke kai mutane, tafiyar minti 10. A nan ne sojojin sarkin Turkawa suka kashe Ali Fasha a 1822, bayan ya yi fiye da shekara 30 yana mulkin Yanina. Turkawa sun riƙe garin daga 1430 har 1913, masallatansu biyu na nan tsaye cikin ganuwa. Mutanen tsibirin masunta ne asalinsu. A ƙofar gidajen abinci suna ajiye kifi da rai cikin akwatin gilashi, baƙo ya nuna wanda yake so. Akwai wani kifi dogo mai santsi kamar maciji, wanda ake gasawa bisa kasko. Ana kuma soya cinyoyin kwaɗi. Wanda ya taɓa cin burduddugi ba zai yi mamaki ba.

Tabkin nan bai da lafiya. Ba shi da zurfi, inda ya fi zurfi bai kai mita 12 ba. Bayan shekarar 1950 aka janye ruwan wata fadama da ke haɗe da shi, mai suna Lafsista, don a samu gonaki. An samu gonakin, amma ruwan tabki ya rage gudu. Ƙazantar gari da takin zamani da ke gangarowa daga gonaki suka yi ta taruwa ciki. In zafi ya yi, gansakuka ta rufe bakin ruwa, ya koma kore. Mutane ba su wanka cikinsa.

Kamar kilomita 25 daga garin akwai ƙauyen Zitsa, na manoman inabi. Irin da suke shukawa fari ne, sunansa debina, yana jure sanyi da ƙasa mai tsakuwa. Mutanen ƙasar Kiristoci ne, giya suke yi da shi. Manoman sun kafa ƙungiyarsu don su riƙa matse inabinsu da kansu. Yanzu masu yawon buɗe ido kan je har gona, su ga inda ake matsa, su ɗanɗana, su saya. Sai su ci abinci a ƙauyen, wasu su kwana. Ta haka mai cuku da mai ɗakin haya su ma suna samun rabonsu. Ba duk ruwan inabin ke zama giya ba. Mata kan dafa wani ya yi kauri kamar zuma, a ajiye don yara.

Babban bikin garin sunansa Jamales. Ana yin shi ƙarshen sanyi, cikin Fabrairu ko Maris, ranar Lahadin da ke gaban babban azumin Kiristocin ƙasar. Samarin kowace unguwa su tara manyan kututture a dandali. Da almuru a cinna wuta, unguwa da unguwa ana gasar wadda tata za ta fi girma. Masu busa su zo da wani abin busa mai kama da algaita. Maza da mata su riƙe hannun juna, su kewaye wutar suna rawa har asuba. A gefe guda ga manyan tukwane na miyar wake suna tafasa. Ana zuba wa kowa kyauta, ɗan unguwa da baƙo. Kashegari Litinin azumi ya kama, masu kiyaye shi su bar nama da cuku har mako 7.