Karta a Zaure, Mota a Garwa-Bulai

Laraba, 13 ga Janairu 2021
Harbi tun asuba ta wajen PK12, wai har PK9. Ba mu buɗe shago ba. Dokar hana fita ta koma shida na yamma zuwa biyar na asuba. Isha'i a gida ke nan. Direba bai ɗaga waya ba. Sukari da fulawata suna Garwa-Bulai tun Disamba.

Alhamis, 14
Samarin gida sun shimfiɗa tabarma a zaure. Karta. Na ɗauka belot ce, ashe foka, ɗan ƙanwata ya koyo a waya. Kowa biyu a ɓoye, biyar a tsakiya. Na ce ko dala ɗaya kada ta sauka a tabarmar nan, Suratul Ma'ida ta gama magana a kan caca. Suka koma tsinken ashana. Na kawar da kai.

Jumma'a, 15
Masallacin Koudoukou ya cika, amma ana sallamewa kowa ya kama gabansa. A hanya yaron ya ce, "Kawu, cikin akwatinka babu littafin da ke koya yadda ake cinye mutane?" Babu. Na ciro masa La Dame de pique na Pushkin, 1834, siriri, bangon ya rabu. Hermann, mai tsumulmula, yana kwana kallon masu wasa bai taɓa zuba ko anini ba, har ya ji wata tsohuwa tana da sirrin karta uku. Ya ce wannan ai ba foka ba ce. Na ce karanta dai.

Asabar, 16
Albasa ta tashi. Ba wuta.

Lahadi, 17
Yaron ya dawo da littafin da safe, ido jawur. "Uku, bakwai, as. Kawu, me ya sa dam ta fito?" Na ce tambayi Pushkin. Ya yi tsaki, amma ya nemi wani.

Ni kuma na koma wa Le Joueur da tocila. Dostoyevski ya yi shi a Oktoban 1866, kwana 26, yana faɗa Anna Snitkina tana rubutawa. Bashi ya kai masa iya wuya, ga yarjejeniyar Stellovski: in 1 ga Nuwamba ta yi ba littafi, mai ɗab'in ya mallaki rubutunsa shekara tara kyauta. Ya cika alkawari, ya auri yarinyar kuma. Wurin da na fi so bai canza ba. Dangi zaune a otal suna jiran wayar tangaraho ta ce tsohuwa ta cika a raba gado, sai ga ta an ɗauko a kujera, tana zagin kowa, tana cewa a kai ta teburin caca. Na yi dariya har maiɗakina ta leƙo: "Malam, lafiya?" Daga baya na duba wayata. Ba kira.

Litinin, 18
Kotun tsarin mulki ta tabbatar da nasarar Shugaba Touadéra a zaɓe. Hanya dai a rufe. Rabin wuni a shago, na sayar da sabulu da madarar da ta rage. Masu bin bashi ba su zo ba, waɗanda nake bi ma haka.

Talata, 19
Na zauna na kalle su sosai. Abin da ban lura da shi ba da: mafi yawan wasan ajiye karta ne da jira. Ɗan maƙwabcina, mai gyaran babur, in kartarsa ta yi kyau sai ya ja hularsa gaba. In burga ce, babban yatsansa na shafa gefen tabarma. Kowa ya gane sai shi. Ya tuna mini da Zweig, Vingt-quatre heures de la vie d'une femme, matar da ke kallon hannuwan 'yan caca kawai a Monte Carlo, ba ta ɗaga ido ga fuska. Na nemi littafin, babu. Wani ya ara tun 2013 ko kafin nan.

Alhamis, 21
Dokar ta-ɓaci, kwana 15. Rai a ɓace duk yau. Ban karanta komai ba.

Jumma'a, 22
Yaron ya ce ya gaji da Rashawa, foka yake so tsantsa. Intanet ta ɗan kama da dare, muka samo The Biggest Game in Town na Al Alvarez, 1983. Ingilishi ne, ni ke karantawa ina mayar musu da Hausa da Sango. Mawaƙin Ingila ne ya je Las Vegas a 1981 ya kalli gasar duniya ta foka a gidan Binion's Horseshoe. Ba darasi ko ɗaya, mutane kawai: Doyle Brunson, Jack Straus, 'yan Texas da kuɗi ya daina zama kuɗi a idonsu. A ganina ya fi duka. Ba ya zaginsu, ba ya yi musu kirari. Wasa ya tsaya, ashana a zube ba mai tsincewa.

Asabar, 23
Suka tambayi wanda ya ci gasar shekarar. Stu Ungar, kuma ya ci 1980 da 1997. Ya mutu 1998 a wani ƙaramin masauki, shekara 45, ƙwaya ta gama da shi. Akwai tarihinsa, One of a Kind, 2005. Yaron ya yi shiru, sai ya ce, "Amma ya ci sau uku, Kawu." Abin da ya ɗauka ke nan.

Litinin, 25
Direba ya kira! Minti ɗaya. Lafiya lau, tamfol bai yage ba, guzuri ya ƙare. Na tura masa jaka ashirin. Ya ce su ma karta suke yi a ƙarƙashin mota.

Laraba, 27
Jerin da na rubuta wa yaron a bayan rasit: Positively Fifth Street na James McManus, wanda mujallar Harper's ta aika ya ɗauko labarin gasar 2000 da shari'ar mutuwar Ted Binion, ya zuba kuɗin aikin ya shiga, ya zo na biyar. The Biggest Bluff na Maria Konnikova, na bara. Wannan na sa masa alamar tambaya, yana ɗan karkata ga koyarwa. Ƙanwata ta aiko a tambaye ni me nake cusa wa ɗanta.

Alhamis, 28
Ashana ta yi tsada ita ma, maiɗakina ta kwashe kwalayen ta kulle. Sun koma ƙirga da gyaɗa, mai gyaran babur ya cinye tasa kafin a raba. Jita-jita a kasuwa wai sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya za su rako ayari daga Beloko. An faɗi haka makon jiya ma. Gobe in kira direba, in kuma je wajen ƙanwata kafin shida.