Keke Ma Yana da Hannunsa

Rubutuna na wannan makon a kan keke ne, saboda ƙanena ya fara hawa titi da nawa, kuma na ga yana maimaita kuskuren da ya kusa raba ni da ƙafa.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa a Janbako suka kakkaɓe kekunan da suka jingine. Ni ma ina cikinsu. Wata ranar Talata na ɗaura buhun albasa a kariya na nufi kasuwar Mafara. Da na hau babban titin Gusau zuwa Sakkwato sai na tsallaka hannun hagu, wai don in riƙa ganin motar da ke tahowa. A wata mahaɗa wani mai babur ya fito daga lungu, ya dubi hagunsa, bai ga kowa ba, ya shigo. Ni kuwa ta damansa na ɓullo. Albasa ta watse a kwalta, gwiwata ta kwana bakwai ba ta lanƙwasu ba.

Da na kai wa Kawu keken ya miƙe min gargare, ina ta zagin mai babur, bai ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, shi ya duba inda ya kamata ya duba. Kai mi ya kai ka hannun mutane?"

Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Mai tafiya a ƙasa ne ake so ya fuskanci motoci, mai keke kuwa abin hawa yake kai, dole ya bi inda suke bi. Lissafin ma a fili yake: idan mota na gudun kilomita 60, kai kana 15, ta bayanka tazarar na raguwa ne da 45, amma gaba da gaba da 75 za ku haɗu.

A Holan an ware wa keke hanyarsa daban. Mu a nan gefen kwalta kawai muka samu, shi ma a gutsure, cike da yashi. Don haka na daina manne wa bakin titi. Ina barin kamar kamu biyu, domin yashi na kwashe taya, kuma direba ya fi ganin wanda ke tafiya a miƙe a kan mai kwana-kwana. Kafin in juya sai na waiwaya, na miƙa hannu. A bakin tasha ina nesa da motar da ta tsaya, don ƙofa na iya buɗewa. Tirela kuwa, in ba na hango madubin direba, na san shi ma ba ya ganina, sai in bar ta ta wuce.

Jiya na saya wa ƙanena fitila da ƙararrawa, na ɗaure masa birkin baya. Ya ce, "Yaya, ai abokaina duk hagu suke bi." Na naɗe wando na nuna masa tabon gwiwata. Gobe tare za mu fita, ni a baya, in ga hannun da zai riƙe.

Allah ya tsare mu a kan hanya, amin.