YAWON JIRGIN RUWA BISA KOGIN NILU: A YI TAMBAYA KAFIN A BIYA

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a wannan wata za mu leƙa ƙasar Masar. Mu a nan, in mutum ya hau mota ko kwale-kwale, so yake ya isa wani wuri: kasuwa, ko biki, ko gaisuwa. Amma akwai tafiyar da ake yi don kallo kawai. Mutum ya biya kuɗi, ya shiga babban jirgin ruwa. A ciki zai ci, a ciki zai kwana. Jirgin yana tafiya sannu-sannu, yana tsayawa gari-gari. Na yi irin wannan tafiya bisa kogin Nilu, daga garin Luksor zuwa garin Aswan. Na ga abin mamaki, na kuma yi kuskuren da ya ci mini kuɗi. Zan faɗa muku duka biyu.

YADDA ABIN YA FARO

Ɗan ƙanena yana karatu a jami'ar Azhar, a birnin Alƙahira. Bayan kaka, da hatsi ya shiga rumbu, na je ganinsa. Shi ne ya ce mini: "Baba, tun da ka zo, kada ka koma ba ka ga gonakin kudu ba." Sai muka je wurin wani dillalin tafiya. Ya faɗi kuɗi, ya ce komi yana ciki. Na biya, ban nemi takarda ba. Ku riƙe wannan magana, za mu komo gare ta.

Daga Alƙahira muka kwana cikin jirgin ƙasa, gari ya waye mana a Luksor. Can jirgin ruwa yake jiranmu.

KOGIN DA JIRAGENSA

Nilu ya fi Kwara tsawo. Kwara tana da kilometir wajen 4.200, shi kuwa Nilu yana da wajen 6.650. Rassa biyu ne suka haɗu a Khartum, ƙasar Sudan. Ɗaya ya fito daga wajen tafkin Biktoriya, ɗaya daga tafkin Tana na ƙasar Habasha. Ruwan yana gudu daga kudu zuwa arewa, har ya faɗa teku.

Tsakanin Luksor da Aswan akwai kilometir 200 da ɗoriya, kusan nisan Maraɗi zuwa Damagaram. Mota tana yin sa cikin rabin wuni. Jirgin yawo kuwa kwana 4 yake yi in zai haura kudu, kwana 3 in zai gangaro arewa, don ruwa yana tura shi. Sana'ar ta daɗe: tun 1869 wani bature ɗan Ingila, Thomas Cook, ya fara kai masu yawo bisa wannan kogi.

Jiragen iri uku ne. Akwai babba mai inji, kamar bene mai hawa 4 ko 5, mai ɗaukar mutum 100 ko fiye. Yana da ɗakunan kwana, da ɗakin cin abinci, da rufi inda ake zama a sha iska. Akwai matsakaici, sunansa dahabiya, wanda iska ke turawa da babban ƙyalle. Ɗakunansa ba su da yawa, ya fi tsada, amma yana tsayawa a ƙananan garuruwa. Sai ƙarami, sunansa faluka. Shi ya fi arha. Ba shi da ɗakuna, bisa katifa ake kwana a fili. Mu babban muka shiga.

ABIN DA MUKA GANI

Kwanan farko jirgin bai motsa ba. Muka ga gine-ginen mutanen da, na zamanin fir'aunoni. A Karnak akwai wani zaure mai ginshiƙan dutse 134, manyan cikinsu sai mutane da yawa sun haɗa hannu kafin su zagaye ɗaya. Kashegari muka ƙetare yamma da kogi, zuwa kwarin da aka binne sarakunansu. Kaburbura sun fi 60, an haƙa su cikin dutse. A nan ne a 1922 aka tono kabarin yaron sarki Tutankamun da dukiyarsa.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai, na gan shi ne bayan jirgi ya tashi. Na hau rufi na zauna. Dama da hagu gonaki ne kore shar: rake, alkama, ayaba, dabino, da wata ciyawa da suke shukawa don dabbobi, suna kiranta barsim. Ka ɗaga ido kaɗan, sai ka ga kore ya ƙare, rairayi da dutse sun soma, kamar an ja layi da wuƙa. A wasu wurare faɗin gonakin bai wuce tafiyar minti kaɗan ba. Ruwan sama kusan babu shi a wannan yanki. Duk abin da ya tsiro, da ruwan kogi ya tsiro. Ko'ina kana jin ƙarar injin ban-ruwa.

Lokacin ƙarshen watan Janairu ne, ana yankan rake. Jakuna da taraktoci suna ja, ana lodawa bisa ƙananan jiragen ƙasa zuwa masana'antar sukari. Na ga wata irin baƙar saniya mai kama da ɓauna, suna ce mata gamusa. Tana kwanciya cikin ruwa sai kai a waje, ana kuma tatsar ta. Gonar mutum ƙarama ce, amma ba a bar ko taki ɗaya a banza ba.

Da maraice muka iso Esna, kilometir wajen 55 daga Luksor. A nan an tare kogin da madatsa, ruwan kudu ya fi na arewa tudu. Yaya jirgi zai hau? Sai ya shiga wani dogon rami na siminti mai ƙofa biyu. A rufe ta baya, a sako ruwa, jirgin ya yi ta tashi har ya daidaita da ruwan gaba, sa'an nan a buɗe masa ya wuce. Jirage layi suke bi, wani lokaci a yi awoyi ana jira. Muna jira, ƴan kasuwa suka zo da ƙananan kwale-kwale, suna jefo riguna da mayafai har rufin jirgi. In kana so, ka sa kuɗi cikin leda ka jefa musu. In ba ka so, ka mayar da kaya.

Da safe muka sauka Edfu, muka hau keken doki zuwa wani tsohon gini. Da la'asar muka iso Kom Ombo, inda mutanen da suke girmama kada. Har yau ga gawarwakin kadoji a ajiye, sun bushe. Cikin dare jirgi ya ƙarasa Aswan.

BABBAR MADATSA

Kudu da Aswan akwai babbar madatsa. An fara gininta a 1960, zamanin shugaba Jamal Abdul Nasir, da taimakon Tarayyar Sobiyet. An gama a 1970. Tsayinta metir 111, tsawonta ya kusa kilometir 4. Bayanta ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kilometir wajen 500, har cikin Sudan.

A da, kowace shekara kogi yana cika ya malale gonaki, ya bar musu baƙar laka mai ƙarfi. Yanzu ambaliya ta ƙare. Manomi yana samun ruwa duk shekara, yana girbi sau 2 ko 3. Amma lakar ta tsaya bayan madatsa, dole ya sayi takin zamani. Kuma ruwan tafkin ya cinye garuruwan mutanen Nuba, aka tayar da mutum wajen 100.000 a Masar da Sudan. Da yawa daga na Masar an zaunar da su kusa da Kom Ombo. Kowane babban aiki da ribarsa da hasararsa.

INDA NA YI KUSKURE

Yanzu mu komo ga dillali. Ya ce komi yana ciki. Gaskiya ɗaki da abinci sau 3 suna ciki. Amma a ƙofar Karnak aka ce mu sayi tikiti. Haka a kwarin sarakuna, haka a Edfu, haka a Kom Ombo. Ruwan kwalba da muke sha a teburi, ashe rubutawa ake yi, ranar ƙarshe aka kawo lissafi. Ga kuma kyautar ma'aikata, wadda suke kira bakshish. Al'adar wurin ce, albashinsu ba shi da yawa, ba wanda zai so ya fita bai ba su ba. Na nemi dillali a waya, ya ce shi bai faɗi haka ba. Ba takarda, ba shaida. Kuɗin da na ware don tsarabar gida, can suka tafi.

Na biyu, ɗakinmu yana ƙasa, a baya, kusa da inji. Ƙara da warin gazuwal ba su bar mu mun yi barci sosai ba. Kuma a tasha jirage jeruwa suke yi gefe da gefe, sai ka ratsa ta cikin wasu kafin ka taka ƙasa. In ka buɗe taga, bangon wani jirgi za ka gani.

Na uku shi ya fi yi mini zafi. Kaɗan kudu da Kom Ombo akwai garin Daraw, mai babbar kasuwar raƙuma. Daga Sudan ake kawo su. Ni mai son dabbobi ne, wannan kasuwa na fi so in gani. Babban jirgi ba ya tsayawa can. Cikin duhu muka wuce ta, ko fitilarta ban tantance ba. Da na tambaya tun farko, da na ware wuni guda a Aswan, na nemi ranar kasuwa, na je da mota.

SHAWARA GA MAI NIYYA

Cikinmu akwai fatake, da dillalan dabbobi, da masu ɗiya a makarantun Masar. Wata rana wani zai yi sha'awa. Ga abin da zan ce masa:

1. Zaɓi lokaci. Daga Oktoba zuwa Afrilu ne ake yawon. A watannin Yuni, Yuli da Agusta zafin Aswan yana wuce awo 40. Ƙarshen Disamba da farkon Janairu turawa suna hutu, jirage sun cika, kuɗi ya hau. Nuwamba ko Fabrairu sun fi. Lokacin kuwa aikin damina ya ƙare a wurinmu. Ka tafi da rigar sanyi, dare bisa ruwa akwai ɗari.

2. Shirya takardu tun gida: fasfo wanda ya rage masa aƙalla wata 6, da biza daga ofishin jakadancin Masar, da katin allurar shawara. Ana neman katin ga mai fitowa daga Nijar.

3. Kada ka biya sai an rubuta. A rubuta sunan jirgi, da ranar shiga da ta fita. A rubuta ko tikitin shiga wuraren kallo yana ciki, da ruwan sha, da motar da za ta ɗauke ka, da ɗan jagora. In ba ka iya karanta harshen ba, ka je da wanda ya iya, ya karanta maka layi-layi.

4. Tambayi inda jirgi zai tsaya, da awa nawa, da inda zai wuce da dare. Cikin kwana 4, jirgin yana ɗaure a Luksor da Aswan wajen rabin lokacin. In gonaki da ƙauyuka kake son gani, ka sani tun wuri. Abu Simbel, manyan gumakan dutse da aka yanka aka ɗaga tudu tsakanin 1964 da 1968 don kada tafki ya cinye su, yana da nisan kilometir wajen 280 daga Aswan. Yawanci kuɗinsa daban ne.

5. Nemi ɗaki a hawa na tsakiya ko na sama, wajen gaba, nesa da inji.

6. Nemi ɗan jagora mai harshen da kake ji, Larabci ko Faransanci. In ba haka ba, za ka yi ta bin ayari kamar kurma.

7. Canza sefa tun gida zuwa yuro ko dalar Amurka, can kuma ka canza zuwa fam na Masar. Riƙe ƙananan kuɗi don bakshish. Da mai keken doki, da mai kwale-kwale, a gama ciniki kafin ka hau.

8. Sha ruwan kwalba kawai. Kada ka yi wanka a magudanan gona, don gudun tsargiya. Mai shan magani kullum ya tafi da abinsa. Ran farko ka duba inda rigar ceto take a ɗakinka.

RA'AYINA

Wani zai ce: shin tafiyar ta cancanci kuɗinta? Ni na ce i, ga wanda yake da rara. Ganin yadda mutane suke cin abinci daga ɗan siririn fili tsakanin hamada biyu ya sa na dawo ina duban fadamarmu da wani ido. Amma yawo ba farilla ba ne. Kada a ci bashi dominsa. Kada a sayar da san noma, ko a taɓa iri, ko a buɗe rumbun iyali. Jirgin kwana 4 ne, shekara kuwa wata 12 ce.

Wanda kuma ya samu hali, ya tuna da ni da dillalina. Tambayar da ba ka yi ba a tudu, za ka biya ta bisa ruwa, inda ba wurin sauka. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi lafiya. Sai wata mai zuwa.