Kin Je Kano, Amma Kin Ga Kano?

Sau nawa kika je Kano? In na tambaye ki abin da kika gani, na san amsa: tashar mota, gidan biki, sai Kantin Kwari. Ni ma haka na ke shekara da shekaru, sai a hutun makaranta maigida ya ba mu kwana biyu, ni da 'yata, muka ce wannan karo kallo za mu, ba biki ba suna.

Ki fara da Dala da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba. An yi matakala, amma kada ki raina ta. Sau biyu ina zama ina haki, yarinya na ta yi mini dariya. Daga bisa sai ki ga birni shimfiɗe kamar tabarma, ga Gwauron Dutse can, ga hasumiya biyu na masallacin Juma'a wanda aka sake ginawa a 1951. A kan dutsen nan ne aka ce Barbushe ya ke ganawa da Tsumburbura tun Musulunci bai iso ba.

In kin sauko, Kurmi ba nisa. Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa ta, shi da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Lungunanta ƙanana ne, ki riƙe hannun yarinya, ki riƙe jaka.

Amma inda na fi daɗewa shi ne karofin Ƙofar Mata. Rijiyoyi ne jere, wata ta fi tsayin mutum zurfi. Marini ya zuba ruwa da toka da baba, ya bar su kwanaki su jiƙa, kana ya riƙa tsoma zane yana ɗagawa. Kai! Zane ya fito kore-kore, yana shan iska sai ya koma shuɗi a kan idonki. Daga nan sai wajen masu bugu, su yi ta dukansa bisa gungume har ya ɗauki walƙiya. Ashe adon nan na zane-zane da mu ke yabo yawancinsa aikin mata ne, su ke ƙulle farin ƙyalle da zare a cikin gida kafin a kai rini. To, ga abin baƙin ciki: rijiyoyi da yawa sun bushe, sun cika da shara, domin atamfar kanti ta kashe kasuwa.

Haka kuma ganuwa. Sarki Gijimasu ya fara ta fiye da shekara 800 da suka wuce. Yau wani wuri sai tsibin ƙasa, wani wuri an haƙe an yi tubali, wani an ɗora gida. Ke 'yar makaranta da ki ke karanta badala a littafi, ki matsa a kai ki tun da saura. Tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari kuwa suna Gidan Makama, kusa da fada.

Ki sa takalmi maras tsini, ki kuma tafi da farin yadi daga gida. Mu biyu muka bayar aka rina mana. Sai dai yana zuba, watau ki wanke shi shi kaɗai. Ni ban sani ba, na haɗa shi da farar rigar maigida.