Duna da igiyarsa

Lokacin da nake aiki a Bukuru, kusa da Jos, ɓarayi sun addabi unguwarmu, dole muka nemi karen gadi. Wani maƙwabci ya ba mu ɗan kwikwiyo baƙi wuluk, yara suka raɗa masa Duna. Da ya cika wata 3 na kai shi Vom, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa take tun 1924, aka yi masa allurar rigakafin haukan kare. Daga nan muka fara fita yawo da sassafe, kafin gari ya cika.

Duna bai ƙi igiya ba, son ta ne ma ya yi masa yawa. Da zarar na ɗaura masa ita, sai ya juyo ya cafke ta a baki, ya ɗaga kai, ya wuce gaba yana taƙama. Masu shayi suka samu abin dariya, har wani ya ce, "Malam, yau ma an fito da kai shan iska?"

Da ɗauka kawai yake yi, da ban damu ba. Amma in an ja sai ya ja, ya turje ƙafafu yana gurnani yana girgiza kai, ga kuma tauna. Wata safiya igiyar ta tsinke a bakin titi, tifa tana tahowa. Allah ne ya kiyaye.

Da na kai Duna wurin likitan dabbobi, ya buɗe masa baki ya nuna mini dasashi jajir. Ashe famfara yake yi. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, suna zubewa daga wajen wata 4, manya 42 su maye gurbinsu zuwa wata 7, kuma a tsakanin nan ƙaiƙayi ba ya barin sa sukuni. Likitan ya ce sarƙa takan hana tauna, sai dai ta yi wa ɗan wuyan nan nauyi.

Maganin daga Baba mai gadi ya fito, tsohon mafarauci da ya san kare ciki da bai. Ya ce, "Ɗana, kare ba shi da hannu, da baki yake riƙe duniya. In ka ja, wasa ka ba shi. Tsaya cak, ka samar wa bakin aiki."

Ya yanko guntun tsohuwar igiyar rijiya ya ƙulla mata ƙulli biyu. Kafin mu fita, ita ake fara miƙa wa Duna. In ya yar da ita ya koma kan ta wuyansa, sai in tsaya, in sassauta hannu, ba tsawa ba duka. In ce "saki" sau ɗaya, ɗan ƙuli-ƙuli a yatsuna dab da hancinsa. Yana saki ya samu, tafiya ta ci gaba. Wahalar ɗaya ce, yara. Su jan igiyar ne daɗinsu, sai da Baba ya yi musu jan ido.

Haƙoransa na gama fitowa taunar ta wuce, amma ɗaukar kaya ba ta bar shi ba har ya girma, ni ma ban nemi raba shi da ita ba. Mai ɗan kwikwiyo irin wannan, kada ka yi jayayya da shi. Ba shi abin da zai riƙe, kuma ka riƙa duba igiyar kafin ku fita titi.