Mutum Nawa, Wane Gari, Wace Rana

Aikin lafiya na yi a ƙasar Gobir, tsakanin Sabon Birni da Isa, har na yi ritaya, kuma ban ga abin da ya fi rubuta rahoto wuyar koyarwa ba. Allura yaron da ake koya wa aikin yakan ƙware da ita nan da nan. Amma ka ce ya rubuto abin da ya gani a ƙauye, sai ya cika shafi da gaisuwa da godiya ga shugabanni, maganar yara uku da wuyansu ya sanƙare kuwa tana can ƙasa.

Ladabi ne, haka aka rene mu, ba a faɗa wa babba mugun labari gatsau. Sai dai jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma takardu ne jibge gabansa, daga Gatawa, daga Kurawa, daga Tsamaye, kuma da layin farko yake yanke inda zai fara tura babur. Saboda haka nakan ce wa yaranmu: fara da cutar, mutum nawa, wane gari, wace rana ta soma. Sannan abin da ka yi, sannan abin da kake buƙata. Gaisuwa in kun haɗu ku yi ta.

Ranar da cutar ta soma ita ake yawan rainawa. A aikin shan inna, in ƙafar yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ta saki farat ɗaya, ana ɗaukar bayan gidansa sau biyu, awa 24 tsakani, cikin kwana 14 da farawar ciwon. Wanda ya rubuta "kwanakin baya" ya ɓata aikin, don babu mai sanin ko kwanakin sun ƙare. Da irin waɗannan ƙananan takardu aka tara shaidar da ta sa aka tabbatar a 2020 cewa shan innar daji ta bar Najeriya.

Na ga sanƙarau na 1996, wanda ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, na ga na 2017 da ya taso daga Zamfara ya shigo mana Sakkwato. A irin lokacin jita-jita ta fi magani yawa. Dole ka raba abin da idonka ya gani da abin da mai unguwa ya gaya maka, ka rubuta kowanne da sunansa. "An ce mutane na mutuwa" ba ya fitar da motar rigakafi.

Makon da ba a sami komai ba ma a rubuta "babu". A nan inda 'yan bindiga ke tada gari, shiru yana iya zama lafiya, yana iya zama ma'aikacin ya gudu an kulle asibitin. Da aka rufe layukan waya a 2021, direbobin kasuwa ke kai takarda, mai tsawo kuwa ba ta samun mai karanta ta kan lokaci.

Yanzu yara sun koma saƙon murya a WhatsApp, minti biyar ana zagaye. Ina roƙonsu su rubuta, don rubutu ake kwafewa a rajista a tura Sakkwato.