Waya A Cikin Aji

Tun sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, malaman ƙasar nan ba su daina neman dabarar da za su nuna wa yara abin da ke bayan ganuwar garinsu ba. Da taswira aka fara, sa'an nan majigi ya zo, rediyo ta biyo baya, har BBC ta soma magana da Hausa cikin 1957. Wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga 2001, ga shi yau ta haɗu da intanet, ta shiga aljihun malami. To, mu da mu ke koyon aikin malanta, wajibi ne mu san abin da za mu yi da ita gaban yara.

Ga misali daga Labarin Ƙasa. In ka ce wa yaro duniya tana juyawa, zai ce, "To, Malam," ya haddace, ya rubuta ran jarrabawa, amma zuciyarsa ba ta yarda ba, don ƙasar da ya ke takawa ba ta motsi. Amma da hantsi, bayan ƙarfe 10 kaɗan, a kunna waya a nuna wa aji Masallacin Makka a daidai wannan lokaci. Sai su ji ana kiran Azahar, alhali kuwa a nan rana ba ta ko kusa da tsaka ba. Nan take tambaya za ta fito daga bakinsu, ba daga namu ba. Sa'an nan malami ya ɗauko lemo da fitila ya bayyana: duniya tana juya daraja 360 cikin sa'a 24, watau daraja 15 kowace sa'a. Makka tana wajen daraja 40 gabas, Kano kuwa wajen 8 da rabi. Tsakaninsu ya ɗara daraja 30, shi ya sa suka riga mu da sa'a 2. Waya guda ta isa aji duka a wannan darasi. Amma a lura, waya ba ta koyar da kome ba a nan, ta dai ta da tambaya. Malami da lemonsa su ne suka amsa.

Sauran magana ita ce mafi nauyi. Ƙofar da Makka ta shigo ta cikinta, ta nan ƙarya ke shigowa, da hoton da aka haɗa, da jita-jitar da kan tada husuma a gari. Maganin wannan kuwa ba baƙo ba ne gare mu. Mu da muka fara da allo da tawada mun ji a zauren malamanmu yadda Imamu Buhari, wanda ya rasu cikin 870, ba ya karɓar hadisi sai ya san wanda ya ruwaito shi, da wanda shi kuma ya ji daga gare shi, da halin kowannensu. Wannan ladabi na isnadi shi ya kamata mu ɗora wa yara kan duk abin da waya ta kawo: wa ya faɗa, yaushe, ina shaidarsa? Yaron da ya saba da tambayoyin nan uku, ko bayan ya bar hannunmu, da wuya a ja shi kamar raƙumi da akala.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu ji tsoron na'urar nan, kada kuma mu sakar mata aji mu koma gefe. Mu shirya darasi tukuna, mu san abin da za mu nuna da dalilinsa, sa'an nan mu kunna. Iyaye amana suka ba mu, kuma za a tambaye mu a kanta. Allah ya ba mu ikon riƙewa, amin.